Kifin Da Baba Bai Dafa Ba

An yi wani dattijo mai gyaran agogo wanda duk layinsu babu mai cika baki irinsa. In ka ce masa ana ruwa, sai ya ce ai shi ya fara hango hadarin. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a saman wani bene, kuma babu abin da yake yi masa nauyi a baki kamar ya ce a taimake shi. Likita ya ce jininsa ya hau, ya rage maiƙo da gishiri, ya koma kifi da ganye. Ya ce to. Shi kuwa ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone butar.

'Ya'yansa duk sun yi nisa, saura autarsa, ma'aikaciyar jinya. Kullum ta tambaye shi abin da ya ci, sai ya ce, "Kifi mana. Minti ashirin na sauke. Ni da nake gyara agogo, lokacin girki ne zai gagare ni?"

Ran wata Laraba ta bugo waya ta ce in ta tashi aiki za ta zo ta ɗanɗana. Baba ya rufe shago da wuri, ya sayi kifi da jatan lande, ya tsaya ƙofar maƙwabciyarsa ta ƙasa, wata malamar makaranta.

"Ikon Allah! Baba mai agogo da kansa? Kai da gaisuwa ma sai an bi ka da ita?"

"Gas ɗina ne ya ƙare," in ji shi.

Malama ta dube shi, ta dubi ledar, ta ture littattafan da take dubawa. Ta wanke kifin da lemon tsami, ta daka tafarnuwa da citta, ta soya albasa da tumatir a mai cokali ɗaya. Ta jera kifin ta rufe, sai dab da saukewa ta zuba jatan landen da ganye. Baba yana tsaye yana kallon agogonsa.

"Minti ashirin da biyu. Ni da ban kai haka ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, gwani. Amma ka gaya wa autarka gaskiya."

Ya hau sama ya juye abincin a tukunyar marigayiya. Ya watsa ɓawon albasa a ƙasa, ya ƙona yanki guda don ɗakin ya ɗauki ƙamshi, ya yayyafa ruwa a goshi, ya rataya tsumma a kafaɗa. Da Auta ta shigo ta tarar da shi yana haki kamar wanda ya yi dambe da tukunya.

Ta ci, ta ƙara, sannan ta ajiye cokali.

"Baba, an ba ni aiki a wani asibiti, tafiyar yini guda daga nan. Gobe zan ba da amsa. Na riga na shirya cewa a'a. Niyyata in kwaso kayana in dawo ɗakin Mama, in riƙa yi maka girki, don na zaci ƙarya kake mini." Ta yi 'yar dariya. "Tsakaninka da Allah, kai ka dafa wannan?"

Baba ya dubi ƙofar ɗakin da shekara uku ba a kwana a ciki ba. Gaskiya ta taso masa har maƙogwaro. Kalma biyu ce kawai: "Malama ce." Amma ya ga yadda take kallonsa da sha'awa, sai ya gyara tsumman kafaɗarsa.

"Wa zai dafa in ba ni ba? Aljani?"

"To alhamdu lillahi," in ji Auta, tana share ido. "Yanzu hankalina ya kwanta."

Bayan sati biyu ya raka ta tasha, yana ta ba direba umarnin yadda ake tuƙi.

Da yammacin ranar ya sayo kifi, ya tsaya ƙofar Malama. Ya ji ƙarar cokula, ya ji yaranta suna faɗa a kan wanda zai ci kan kifi. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, hannun ya tsaya. Me zai ce ya ƙare yau? Ya hau bene a hankali, ya zauna a kujerar da Auta ta zauna, ledar tana ɗiga a kan takalminsa, har duhu ya shigo ɗakin bai tashi ya kunna fitila ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙaryar nuna isa takan yi aiki fiye da yadda mai ita ya so. In ka dage sai ka nuna wa masu ƙaunarka ba ka bukatar kowa, wata rana za su yarda da kai, su tafi da zuciya ɗaya. Abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, tun mai tambayar yana zaune a gabanka.