Maganin Hantsa daga Taɓon Teku

Ku matso ku ji wata, amma kada wanda ya sa mini baki sai na dire.

Ciwon hantsa ne ya faɗa wa garken Malam Sallau. Nono ya koma jini da mugunya, maruƙa na mutuwa da yunwa, allurar likitan dabbobi kuwa ta zama ruwan randa, don ƙwayoyin cutar sun saba da ita. Shanu arba'in suka dawo sha bakwai. Tsoho ya daina cin abinci.

'Yarsa Ladidi, mai binciken ƙananan halittu a jami'a, ta ce, "Baba, in Allah ya yarda garken nan ba zai ƙare a kan idona ba." Ta san a taɓon teku akwai halittun da ido ba ya gani, masu fitar da dafin da ke kashe ƙwayoyin cuta. To, amma ina ruga, ina teku?

Ta kira yayanta Tanimu, mai kai shanu kudu har bakin teku, ta roƙe shi ya ɗebo mata taɓon. Mutumin da ko rafin garinsu zai haye sai an riƙe masa hannu, shi ne ya shiga kwalekwalen masunta! Sau biyar yana fita, yana amai yana salati, yana cika kwalabe da taɓo. A na biyar igiyar ruwa ta kife su, aka tsamo shi da ƙyar, rungume da kwalba ɗaya.

Ladidi ta duƙufa. Wata bakwai tana renon halittun a farantan gwaji, ɗari uku suka ba ta kunya, abokan aiki na kiranta 'yar taɓo. Ta ƙi haƙura, har ta samu ɗaya daga kwalbar ƙarshen nan da ta kashe cutar.

Saura gwaji, kuma ba wanda ya san magani ne ko guba. Ƙanenta Barau, mai kiwon garken, ya jawo saniyarsa tilo, wadda ya rena tun tana maraƙa, ita ma ciwon ya kama ta. "Yaya, fara da tawa." Aka ba ta maganin, bayan kwana biyu ta mutu, kanta a cinyarsa. Daga gawarta Ladidi ta gane ma'aunin ya yi yawa. Ta rage, sauran shanu suka warke.

Da aka haifi lafiyayyar maraƙa ta farko, Malam Sallau ya riƙo igiyarta yana hawaye. "Ba ta rabuwa uku. Ta wanda ya ceci garken nan ce."

Ladidi har ta miƙa hannu, sai ta dubi 'yan'uwanta, ta janye.

To jama'a, hannun wa ya kamata tsoho ya danƙa wa igiyar nan?