Ƙaguwa Mai Gadin Iyakar Teku

A shekarar da kifi ya yi ƙaranci a bakin teku, manyan dabbobin ruwa suka ɗauki mataki mai tsauri. Suka kafa kwamiti.

Kada ne shugaba, Ayu magatakarda. Bayan zama bakwai suka keɓe wurin da kifaye ke zuba ƙwai, suka ajiye duwatsu huɗu a kusurwoyi. Duk abin da ke ciki, an hana taɓa shi. Saura mai gadi.

Ƙaguwa kwananta uku ba ta sa komai a baki ba. Ta kifa ɓawon katantanwa a ka, ta shigo taro a karkace.

"Ranka ya daɗe, ni ce Hajiya Ƙwararriya. Teku tara na yi wa gadi, ba kifin da ya dawo da ƙorafi."

Ayu ya ce, "Ina shaida?"

Kada ya ce, "Ba ka ga hula ba?"

Da gari ya waye, ta mirgina duwatsun gabas can cikin yashin da ko tsutsa ba ta kwana, ta jawo na yamma har rabin ƙwan ya koma waje. Ta zauna ta ci ta ƙoshi, bisa doka.

Kada ya zo dubawa. Ta ce, "Albishirinka, yanki ya ninka biyu." Ya auna da wutsiya, ya ga haka ne. Aka yi walima.

Ayu ya ce, "Kifin fa, ya ƙaru?"

Kada ya ce, "Malam Ayu, faɗi muke aunawa."

Da gari ya waye ta ƙara ja, jibi ma haka, tana ci tana kirari: "Ni da aka haifa a karkace, wa zai ce na kauce?"

Rana ta bakwai tana bakin raminta, sai ga Zalɓe tsaye a kanta da ƙafa ɗaya.

"Malam Zalɓe, ja da baya. Nan an hana."

"Hajiya, waiwaya ki dubi duwatsun."

Ta waiwaya. Ashe jiya, garin haɗama, da hannunta ta fitar da raminta waje. Ta ƙwala wa Kada kira. Ya zo, ya auna, ya gyara murya.

"Gaskiya tana waje. Kwamiti ba shi da hurumi."

Zalɓe ya kai sara. Hula ta tarwatse, ƙafarta ɗaya ta tafi. Ƙaguwa ta ranta a na kare, tana cewa, "Ƙafa tara ta ishe ni zuwa teku na goma!"

Yankin yana nan, duk gaɓar babu mai girmansa. Har yau ba a saci yashi ko ƙwaya ɗaya ba.