Tsohon da Ya Mai da Injin Kuɗi Rumbu

Akwai wani manomi, tsoho, wanda ɗansa Irmiya ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa, inda ake kashe sefa. A can aka haifa wa ɗan 'ya mace, aka sa mata Rifkatu, sunan matar tsohon da ta rasu. Tun daga ranar, in tsohon ya je gona, rabin yini kallon hanya yake yi. Yana so ya ga yarinyar nan kafin idonsa ya dushe.

Da kaka ta yi, Irmiya ya aiko masa da katin banki, ya zuba kuɗin hanya a ciki. Ya ce masa ta waya, "Baba, in ka ƙetare iyaka, ka ciri abin da zai kawo ka, gaba ɗaya. Injin cire kuɗi na can ba na gida ba ne, duk taɓawa sai ya yanki nasa. In ka ga wuya, ka kira ni."

Tsohon ya ce to. Amma a ransa ya ce yaran yanzu ba su san tattali ba. Wa ya taɓa kwashe rumbu a rana ɗaya? Na yini ake ɗiba, a rufe.

Da ya ƙetare iyaka, haka kuwa ya yi. Ya ciri na shayi da burodi, ya rufe. Ya ciri na makwanci, ya rufe. Ya ga wani ɗan jan takalmin yara a kasuwa, ya tuna jikarsa, ya koma ya ciri nasa. Injin kuwa yana ta yankar rabonsa a ɓoye.

Da ya kai tasha ta ƙarshe, saura mota ɗaya ya isa, sai injin ya tofo katin, ba ko sisi. Tsohon ya zauna a benci da takalmin a cinya. 'Yan kamasho suna ta kiran sunan garin da jikarsa take, motoci suna cika suna tashi a gabansa. Wayar tana aljihu, kunya ta hana shi taɓa ta. Sai da rana ta karkata ya kira.

"Irmiya, ɓera ya shiga rumbun nan naka."

"Haba Baba, ai kai ka riƙa buɗe masa ƙofa! Tun yaushe kake nan?"

"Tun safe."

"Tun safe, ba ka kira ni ba?"

"Na ji nauyi, ɗana."

"Kada ka motsa."

Kafin rana ta faɗi sai ga Irmiya, da yarinya a kafaɗa. Tsohon ya durƙusa yana sa mata takalmin, ya ƙi shiga, ƙafa ta girma. Ya yi dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "Rifkatu, matata, na sa kin yi jira."

To, jikokina, ga ma'anar misalin nan, ku buɗe kunne. Tsohon nan mu ne. Baƙi muke a duniya, gida yana gaba, da waɗanda muke marmarin gani. Injin kuwa shi ne duk ƙofar da muke ƙwanƙwasawa don ɗan sanyin rai na yini ɗaya. Takan ba ka, ban ce ba ta bayarwa ba, amma sai ta yanki nata, har ka wayi gari ba guzuri. Ɗan da ya zo tasha shi ne Yesu. Bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma yi faɗa a kan kuɗin ba. Abin da ya dame shi, zaman da tsohon ya yi tun safe bai kira ba.

Wani a cikinku yana kan bencin nan yanzu, ina ganin fuskarsa. Ba tattali kake yi ba, jikana, kunya ce. Kira shi tun da sauran rana.