Tabawa da Gwajin Tururuwa

An yi wata baiwar Allah a wani gari, tun zamanin da, ana ce mata Inna Tabawa. Unguwarzoma ce. Rabin mutanen garin nan ita ta yanke musu cibiya.

To, suna da wata al'ada. Idan mace ta haihu, sai a tatsi nononta a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. In ta fito, nono mai kyau ne. In ta mutu, mugu ne, sai a hana jariri. Haka Tabawa ta gada, haka take yi.

Ana nan sai wata mai suna Ladidi ta yi haihuwar fari. Aka gwada, tururuwa ta mutu. Tabawa ta ce, "Kada a ba shi." Kwana uku ana ɗura wa yaro madarar shanu, yana amayarwa, yana ramewa. Uwa kuma nono ya cika ya yi tauri, tana kuka.

Ku saurara da kyau. Hankalin Tabawa bai kwanta ba. Ta shiga wurin maƙwabciyar Ladidi, Gaje, mai goyon wani ƙaton yaro kamar tulu.

"Gaje, tatso mini naki."

"Inna, nawa kuma? Dubi kumatun nan fa!"

"Tatso dai."

Aka jefa tururuwa, ta mutu. Aka jefa ta biyu, ta mutu. Ashe nutsewa suke yi!

Gaje ta ce, "Inna, bakina ƙanin ƙafata. Ki ce kin yi wa Ladidi magani nonon ya gyaru, wa zai sani?"

Tabawa ta ce, "Wanda ya halicci tururuwar. Kuma in na ɓoye, gobe a hana wani ɗan nono."

Ta shiga ɗakin mai jego, mata cike, ta ce, "Jama'a, na yi kuskure. Nonon Ladidi lafiyarsa ƙalau. Gwajin ne banza. Ku yafe mini."

Kakar yaron ta riƙe haɓa. "Yanzu Tabawa, shekara talatin kina kashe tururuwa ba laifin tsaye ba na zaune?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da mai jego. Nan da nan aka ɗora ruwa. Tabawa ta gasa nonon har ya saki, wata ta damo kunun kanwa, Gaje ta zauna tana gyara wa Ladidi riƙo. "Tallafo ƙeyarsa, ƙanwata. Haɗa cikinsa da naki. Yawwa!"

Yaro ya lalubo, ya saki, ya sake lalubowa. Can sai ya cafke, aka ji ƙwat, ƙwat, yana haɗiya. Kaka ta rangaɗa guɗa. Tun daga ranar ba a ƙara gwajin nan a garin ba.

To, ku ji in gaya muku. Wanda ya ce "na yi kuskure" bai rage komai daga girmansa ba. Nawa ne a cikinku suka gane sun ɓata, amma suka ƙi juyowa don kada a yi musu dariya? A yi dariyar mana! Ku kuma mata, in 'yar'uwarku ta haihu nono ya ƙi, ba surutu za ku kai mata ba. Ku zauna kusa da ita har yaron ya kama.