Ƙarangiya a Gidan Gilashi

Akwai wani manomi, dattijo, wanda bai iya ganin ciyawa ya wuce ba. Ko a hanyar coci ne, sai ya sunkuya ya tuge. Wata shekara 'yarsa ta haihu a wata ƙasa mai sanyi, aka aiko ya je ya ga jika.

Mijin 'yar, Habila, yana aiki a wani babban gidan gilashi inda ake renon tsire-tsiren ƙasashe masu zafi, ana hura musu ɗumi don kada sanyi ya kashe su. Sabon ɗauka ne, ana gwada shi tukuna. Ya kai surukinsa wurin, ko ya sha ɗumi.

Dattijo ya ga ayaba, ya ga gwanda, ya ga wata 'yar kuka a takure cikin tukunya, har ya tsaya ya yi mata sannu. Kowace shuka da ɗan allo mai sunanta. Habila ya ce, "Baba, ku huta a nan, in rufe famfo in dawo."

Can a kusurwa dattijo ya hango ƙarangiya ta yi ɓul-ɓul, an kewaye ta da fararen duwatsu da igiya. Kunya ta kama shi. Ya ce a ransa, yaron nan yana da kirki, amma rago ne. Ya tsallake igiya, ya tuge ta, ya tura a kwandon shara. Mai shara kuwa ya zo ya juye kwandon cikin injin niƙa ganye.

Habila ya dawo ya tarar da rami. "Baba, ina abin da ke nan?"

"Na rufa maka asiri. Ko matarka ba za ta ji a bakina ba."

"Baba, ita kaɗai ce a duk ƙasar nan. A jirgi aka kawo ta."

"Ƙarangiyar? Har da kujerarta?"

Shugabar wurin, wata tsohuwar Baturiya, ta zo ta dubi ramin, ta ce Habila ya tuɓe rigar aiki ya same ta a ofis. Da dattijo ya gane abincin jikansa ya tuge, sai ya zube zai ba da haƙuri. Gwiwarsa na taɓa ƙasa ya yi zumbur ya miƙe, domin 'ya'yan ƙarangiyar sun cika masa wando da bakin riga, duk sun nuna.

Matar ta ce kada ya motsa. Ta ɗauko matsefata, ta durƙusa, tana cirewa ɗaya-ɗaya tana lallaɓa su cikin kwalba. Ta ce Habila ya mayar da rigarsa, shi zai shuka su, tunda shi ya san yadda ƙarangiya take tsirowa.

Dattijo, hannuwa a sama, ya ce, "Habila, in mun koma gida, kada ka faɗa wa kowa wannan ma."

Ma'anar wannan misali ita ce, gidan gilashin nan ikkilisiya ce, mai gidan kuwa Ubangiji ne. Shi ya tattaro mu daga nesa, ya san kowa da sunansa. Akwai waɗanda muke gani kamar ƙarangiya: matar da ke rigan kowa fara waƙa, yaron da ba ya zama wuri ɗaya, mutumin da maganarsa ke suka. Hannunmu na ƙaiƙayi mu tuge su, har muna cewa taimakon Allah muke yi. Amma ba mu muka shuka su ba, ba mu kuma san abin da ya biya kafin ya kawo su ba. Kafin ka sunkuya a kan ɗan'uwanka, ka tambayi Mai lambun. Wataƙila a bencin bayanka wani ya daɗe yana kallonka, hannunsa na ƙaiƙayi.