Masunci da Taƙi Ɗaya na Waya

Akwai wani masunci da yake zaune a bakin wani babban kogi, yana ciyar da gidansa da fatsa. Wata shekara sai tsage, kifin nan mai haƙora kamar allura, ya cika ruwan. Kullum mutumin zai jefa ƙugiya, ya ji an fizga da ƙarfi, ya jawo, sai zare kaɗai ya fito. Ba kifi, ba ƙugiya.

Ya ce a ransa zaren ne ba shi da ƙwari. Ya samo mai kauri, aka yanke. Ya riɓa shi biyu, aka yanke. Ya riƙa sammako yana tuƙa kwalekwale har inda sauran masunta ba sa kaiwa, ya dawo da yamma kafaɗu na ciwo, kwando wayam. Matarsa ma ta daina tambaya. In ya shigo, sai ta dubi hannunsa, ta koma ta kaɗa miya lami.

Ran nan ya gaji iyakar gajiya, ya ƙudura zai sayar da kwalekwalen ya bar sana'ar. A hanya ya biya ya gaya wa kawunsa, wani tsohon masunci da idanunsa suka mutu. Tsohon bai ce masa ya yi haƙuri ba. Zaren ya ce a miƙo masa. Ya bi shi da yatsa har ƙarshe, ya daɗe yana shafa bakin.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba tsinkewa ya yi ba, datse shi aka yi. Duk tsawon zaren nan lafiyarsa ƙalau. Taƙi ɗaya ne kifi yake kai wa baki."

Ya sa shi ya nemo tsohuwar wayar birkin keke, ya warware ta, ya zari sili guda, ya sa taƙi ɗaya tsakanin zaren da ƙugiya. In ta yi kauri, kifi zai gani ya guje. In ta sirance da yawa, za ta karye. Ya nuna masa cewa waya ba a ƙulla ta kamar zare, murɗa ta ake yi a hankali, ɗaya bisa ɗaya, sa'an nan a ja a gwada. Sau huɗu mutumin yana murɗawa tana kwancewa. Yatsunsa suka yi jini.

Kashegari ya shiga ruwa ba da wani sa rai ba. Wajen tsakar rana aka fizga. Ya ji haƙora suna karta a kan wayar, amma ba ta yanke ba. Kifi ɗaya ya kawo gida, aka ci aka ƙoshi.

Ma'anar wannan misali ita ce: da yawa cikinmu mun gaji. Muna zuwa sujada, muna aiki, muna ƙara ƙoƙari, duk da haka a wuri guda muke faɗuwa kullum. Ga wani harshensa ne sa'ad da ya dawo gida a gajiye. Ga wani kuma abokin nan ne da ba ya iya ce wa a'a. Mugun nan mai jarabtarmu ba ya cizon dukan rayuwarka, inda ya saba yake komawa. Kada ka jefar da bangaskiyarka. Kai wa dattijon ikilisiya damuwarka, ku gano wurin tare, ka ɗaure shi da Maganar Allah da addu'a, ko da sai ka sake ɗaurewa gobe. Ubangiji ya san ka gaji, bai kuwa ce ka ƙara nisa ba. Ya ce ka zauna ka gyara.