Cefanen Kaza a Kantin Dila

Ga ta nan, ga ta nan ku!
Ta zo mu ji ta da kyau.

Kaza akwai son burga. Rannan maƙwabciyarta Zabuwa ta kawo mata tallan geron gonarta. Kaza ta yatsine fuska ta ce, "Yaya Zabuwa, na daina cin mai tsakuwa. Babban kantin Dila za ni, can komai a leda yake."

Tana shiga kantin ta leƙa firji, sai ga kaji jere, an fige su tas.

Ta dafe ƙirji: "Na shiga uku! Malam Dila, ina kake saro waɗannan?"

Dila ya murza wa ƙofa makulli ya ce, "Saro su? Haba Hajiya, su ma cefane suka zo."

Ƙurunƙus! Yau kan kaza ne, ba na ɓera ba.